Malam Haladu da Amanar 'Ya'yan Mutane

Ina tsakiyar fili da bokitin toka a hannuna, ina zana layin gefe saboda wasan da 'yan matan makarantarmu za su yi da yammacin Alhamis, sai waya ta yi ƙara. Ƙanin matar tsohon malamina ne. Ya gaishe ni, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen Doguwa, sannan ya ce Malam Haladu ya cika da asuba, za a yi jana'iza da hantsi a Tudun Wada. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ƙarasa layin da na fara har kusurwa, na wanke hannu, na je na nemi izinin shugabar makaranta. Kafin motarmu ta isa an riga an kai shi makwancinsa. Na shiga cikin gida na zauna tsakanin mata, ana kuka ta kowane ɓangare, ni kuwa ina kallon igiyar shanya. Har yau da nake wannan rubutu abin bai gama shiga jikina ba.

Malam Haladu shi ne malamin wasanni a sakandaren 'yan mata da na yi. Shi ya koya mini ƙwallon ƙafa, kuma aikinsa na gada. Abin dariyar shi ne ban taɓa ganin ya yi gudu ba. Gwiwarsa ta hagu ta lalace tun yana saurayi, don haka daga bakin fili yake koyarwa, da usur a wuya da ƙafar wando a naɗe. Idan muka tsokane shi cewa ya shigo ya gwada mana, sai ya ce: "Ni na gama nawa gudun, naku nake jira in gani." Idan an kira la'asar muna tsaka da wasa kuwa, ko ƙwallo tana bakin raga zai busa usur. "Ku je ku yi sallah, fili ba inda za shi."

Amma babban aikinsa ba a fili yake ba, a zaurukan mutane yake. Babu yarinyar da ta taɓa sa ƙafa a ƙwallonsa ba tare da ya je ya zauna gaban mahaifinta ba. Yakan ce: "Wadda ubanta bai sani ba, ni ma ban san ta ba." Zuwan farko ba ya ko ambaton ƙwallo. Zai tuɓe takalmi, ya yi gaisuwa, a yi hirar damina da tsadar taki, ya tashi ya tafi. Sai a zuwa na biyu ko na uku zai faɗi abin da ya kawo shi, ya nuna dogon wando da ɗan hijabin da matarsa, Inna Habi, take ɗinka mana, ya ce ita ma tana cikin mota duk tafiyar da za a yi. Mahaifina ya ƙi sau da yawa. Malam ya riƙa zuwa har ya taya shi girbin dawa da gurguwar gwiwarsa, mahaifina ya ce ya yarda don kawai ya huta da shi. Idan an dawo daga gasa a Kano, ba ya sauke kowa a tasha. Ƙofa-ƙofa yake bi, ya yi sallama da maigida, ya ce: "Ga amanarka na dawo da ita."

Ina tuna wata damina da 'yan matan ƙasar nan 'yan ƙasa da shekara ashirin suka kai wasan ƙarshe na gasar duniya. Muna hutu, amma ya aika aka tara mu a tsakar gidansa, ya aro janareta, ya ɗora talabijin a kan turmi. Jamus ta doke su. Mu muna ta jin haushi, shi kuwa ko a jikinsa. Ya nuna allon da yatsa ya ce: "Ku dube su da kyau. Ƙafa biyu gare su, irin taku. Kowacce kuma akwai wanda ya ce mata je ki." Da suka sake kaiwa wasan ƙarshe bayan wasu shekaru aka sake doke su, ya kira ni a waya yana cewa ba za su ɗauko kofin nan ba sai an sa 'yar Tudun Wada a raga. Na ɗauka raha ce irin tasa.

Ashe da gaske yake. Bayan ya yi ritaya ya ci gaba da horar da yara kyauta, kuma a cikinsu ya samu Zulai, 'yar Burumburum da ke yankin Tudun Wada, doguwa mai manyan hannuwa, wadda ba ta tsoron faɗuwa a tsakuwa. Gola ya mayar da ita. A bana aka kira ta Abuja, sansanin da ake tantance 'yan ƙasa da shekara goma sha bakwai da za su wakilci ƙasa a wasannin share fage. Mahaifinta, Alhaji Tanimu, manomin masara ne, mutum mai kaifi ɗaya. Kowa ya san abin da ya faɗa ranar da ya amince, domin a gaban mutane ya faɗa: "Haladu, ni ban san ƙwallo ba, ban san Abuja ba. Kai na sani, kai na bai wa."

Ranar rasuwar, bayan la'asar, Zulai ta kira ni. Labari ya riga ya isa gare ta. Ta yi mini gaisuwa, na yi mata. Sannan ta ce: "Anti Rabi, Baba zai ce in dawo, ko?" Nan take ta hau ba ni haƙuri, wai bai kamata ta yi wannan tambaya yau ba. Na ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa. Wanda aka bai wa amanarta yana cikin ƙasa. Idan aka ce ta haɗa kaya kafin a fitar da waɗanda za su tafi, wata za a sa a gurbinta, kuma shekarunta ba za su jira wata gasar ba.

Ranar sadakar uku aka aiko cikin gida cewa Alhaji Tanimu yana son ganina a zaure. Na ja mayafi na fita. Yana zaune tare da ƙanin Inna Habi. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi, ina jiran ya ce in gaya mata ta taho.

Ya ce: "Malama, an ce ke ma shi ya koyar."

Na ce: "Shi ne, Baba."

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce: "Tun da yarinyar nan ta tafi, duk Juma'a idan an sauko daga masallaci Haladu yakan kira ni. Ya ce ya yi magana da ita, ya yi da matar da ke kula da su. Ya ce tana sallah, tana cin abinci, lafiyarta ƙalau. Jiya na zauna da wayar a hannuna har la'asar."

Sai a lokacin na lura bai kama sunanta ba, kuma ban taɓa jin ya kama ba. Zulai 'yar fari ce. Kunya ba za ta bar shi ya ɗauki waya ya kira ta ya ce yaya kike ba. Duk abin da ya sani game da 'yarsa, ta bakin Malam Haladu yake shigo masa. Na san Malam shekara da shekaru, amma bai taɓa gaya mini yana wannan ba.

Alhaji ya ce: "'Yan'uwana sun ce in dawo da ita, tunda mai riƙon ya tafi. Na ce su bari in tambaya tukuna. Za ki iya?"

Ban ji komai a raina ba, ko tsoro ko daɗi. Na dai ji bakina ya ce zan iya, in Allah ya yarda. Ya juya ga ƙanin Inna Habi ya ce ya zama shaida, sannan ya ce a ba ni lambarsa.

Juma'ar da ta biyo baya na yi magana da Zulai, sannan na kira shi bayan masallaci. Na ce tana sallah, tana cin abinci, lafiyarta ƙalau, ba a fitar da waɗanda za su tafi ba tukuna. Ya ce madalla. Na ɗauka mun gama, amma bai kashe wayar ba. Can ya ce: "Marigayi yakan ƙara da ko ƙwallo ta wuce ta a wannan satin." Na ce ba ta wuce ta ba, Baba. Ya ce to, Allah ya jiƙan Haladu, ya kashe.

Ya Allah, bawanka Haladu ya riƙe 'ya'yan mutane, ya mayar da kowacce ƙofar gidan ubanta lafiya. Ka karɓe shi da rahamarka, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka bai wa Inna Habi juriyar takaba da ta bayan takaba, Ka raya 'ya'yan da ya bari, Ka shirya su. Wadda ya bari a hanya bai kai ga dawo da ita ba, Ka dawo da ita ga mahaifinta lafiya, ni kuma Ka ba ni ikon riƙewa. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.