Ranar da Na Roƙa wa Rijiya Wuya

Har yanzu idan zan ratsa ciyawa mai tsawo sai na fara tura ƙafa ɗaya gaba, kamar mai gwada zurfin gulbi. Inna ta ce tafiyata ta koma ta hawainiya. Ni kam ba na gardama, don ban taɓa jin hawainiya ta faɗa rijiya ba.

Da daminar bara abin ya faru. Ina hutun lakwal, wato makaranta, na ɗauki furar Baba zan kai masa gona, can bayan unguwarmu a Madarounfa, ta hanyar da ke gangarawa tabki. A gefen hanyar akwai wata tsohuwar rijiya da ba a shan ruwanta. Bakinta daidai yake da ƙasa, ba tubali, ba itace. Da rani kowa yana ganinta ya kauce, da damina kuwa ciyawa da yaɗo sukan lulluɓe ta. Na san da ita, kowa ma ya san da ita. Sai dai ranar idona yana kan hadarin da ya taso daga gabas, ina sauri, kawai sai ƙasa ta ƙare a ƙarƙashin ƙafata.

Allah ya taimake ni, rairayi ya daɗe da cinye rabinta. Laka na tarar, ta riƙe ni har ƙugu. Wani mai amalanke ɗan Safo ne ya ga faifai da ludayi yashe a hanya, ya leƙa, ya kwance igiyar kayansa, ya kirawo mutane. Aka kai ni gidan likita, aka ɗaure mini idon sawu, aka ce in gode wa Allah. Na gode. Amma rawar jiki ba ta san an sallame ni ba, ta biyo ni har gida.

Cikin masu zuwa dubiya har da taubashina, ɗan kawuna, direban da ke jigilar kaya zuwa Jibiya. Tun daga zaure yake kirana.

"Ina ƴar lakwal? An ce kin kai wa mutanen ɓoye fura kin baro ludayi waje. To da mi za su sha?"

"Ka tahi ka kai musu mana, tunda kai ne ɗan aikensu."

"Ni? Ni hanyar sama nike bi, ke ce kinka san ta ƙasa."

Na yi dariya har ƙafata ta motsa na yi ƙara. Amma maganarsa tana da tushe. Rijiyar ta wani gida ce da har yau suke kan addinin kakanninsu, manoma ne, maƙwabtan gonarmu. Kowace shekara kafin shuka tsohon gidan yakan je ya zuba mata fura, ya faɗi abin da ubansa yake faɗa. Saboda haka dole bakinta ya kasance yana kallon sama. An taɓa yin wata shekara akuya ta faɗa, wasu alhazai ƴan kasuwa suka ce a cike ta. Tsoho ya ce sai dai a fara cike shi. Magana ta tashi daga rijiya ta koma addini, mai gari ya ga mutanen da ke gayya tare za su daina gaisawa, ya danne ta. Tun daga nan ba wanda ya ƙara taɓa zancen.

Ni kuwa daga inda nake kwance ina jin yara suna wucewa da awaki, hanyar nan suke bi. Na ce wa Inna zan yi magana a ƙofar mai gari ranar da za a taru kan gayyar maimai.

"Ke? Gaban maza? Ke da ko sallama ba ki iya ɗagawa tun da kinka hito?"

Washegari sai Baba ya dawo ya ce mai gari ya yarda.

A lakwal mushenmu, wato malaminmu na faransanci, ya koya mana cewa magana tukunya ce, murhunta duwatsu uku: jama'a su yarda da kai, hujjarka ta tsaya da ƙafarta, kuma ka taɓa musu zuciya. Na iya wannan darasi sosai. Na jera hujjojina, na farko, na biyu, na uku, na yi ta maimaita wa rumbu da tunkiyar Inna. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne al'adar ƙofar mai gari. A can mace ko yaro ba ya ɗaga murya. Sai ka faɗa a hankali, sankira ya ɗauka ya watsa wa jama'a. Na ce alhamdu lillahi, ni in kawo hujja, shi ya ara mini maƙogwaro.

Ranar, da hantsi, maza suka cika gindin gawo, mata muka zauna gefe kan tabarmi. Tsohon gidan rijiya yana can ƙarshe da ƴaƴansa, sandarsa a kan cinya. Da aka gama zancen gayya, mai gari ya ɗaga mini kai. Na durƙusa kusa da sankira, wani dogo mai babbar riga da ta sha wanki, na ce a hankali:

"Na farko, bakin rijiyar daidai yake da ƙasa."

Ya gyara hula, ya buɗe hannu. "Jama'a! Ɗiyarmu ta ce tana gaida mai gari, tana gaida manya, tana gaida ƙanana! Ta ce rijiyar nan ta buɗe baki kamar kura mai yunwa!"

Na ɗago na dube shi. Bai dube ni ba.

"Na biyu," na ce, "da damina ciyawa tana rufe ta."

"Ta ce tun da ta hwaɗa take tahiya, take tahiya, har ta gaji da tahiya ba ta kai ƙasa ba!"

Mutane suka fashe da dariya. Na hango taubashina yana dukan cinya. Na ce na uku, yara suna bin hanyar kullum, amma ban ma rufe baki ba sankira ya riga ya yi nisa.

"Ta ce da ta isa, ta iske wani baƙin kumurci naɗe, shina lasar baki, shina cewa yau an kawo mini amarya da furarta!"

Daga nan dariya ta fara canza launi. Wani alhaji daga gaba ya ce, "To mi ake jira? A cike ta mana!" Wasu suka amsa. Ƴaƴan tsoho suka miƙe tsaye. Shi kuwa ya jawo takalmansa, ya dogara sanda zai tashi. Na san in ya bar gindin gawon nan, rijiya za ta ƙara wasu shekarun da bakinta a ƙasa, kuma wanda zai bi bayana ba lallai ya tarar da laka mai taushi ba.

Ban san sanda muryata ta fita ba.

"Ban ga maciji ba!"

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Sankira ya tsaya da hannu ɗaya a sama. Tsoho ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya koma ya zauna.

"Ranka shi daɗe," ya ce wa mai gari, "a bar ta ta hwaɗi da bakinta. Tun da kakana ya gina rijiyar nan ba wanda ya shiga ya hito sai wannan. Ke ɗiyata, mi kinka gani?"

Duk jerin da na yi wa tunkiya ya watse. Na ce wa tsoho, "Baba, laka na gani. Da kwaɗi. Da ƙahon akuya. Da takalmin roba na yaro, wari ɗaya, ban san na wane ne ba." Na ce sama ta koma ƴar ƙarama, kamar faifai. Na ce na ji mata suna wucewa suna hirar biki, na gane muryar maƙwabciyarmu, na gane ta surukarsa, matar babban ɗansa, tana yi wa goyonta waƙa. Na kira su da duk ƙarfina. Muryata ta hau ta dawo mini. Suka wuce, waƙar ta yi nisa.

Nan leɓena ya ƙi. Na ji kunya ƙwarai, na so ƙasa ta tsage, sai na tuna ta riga ta taɓa yi mini hakan kuma ban ji daɗi ba. Wannan tunanin ne ya dawo mini da numfashi.

"Baba," na ce, "ban zo in ce a cike ta ba, ban ce a rufe ta ba. Bakinta ya ci gaba da kallon sama. Wuya kawai nake roƙa mata, zuwa ƙugun mutum. Tulu ma yana da wuya, ba wanda ya ce an rufe shi. Fura kuwa, da wuya ko ba wuya, za ta isa ƙasa. Ni shaida ce."

Wata tsohuwa a bayana ce ta fara dariya, sai surukar tsoho, tana share hawaye tana yi. Tsoho ya riƙe tasa iya riƙewa, har gemunsa yana motsi, sannan ya sake ta.

"Wuya," ya ce. "Wuya, ban da hula. Kuma tubalin hwarko hannun ɗiyan gidana za shi aza shi."

Mai gari ya dubi alhajin nan. Alhaji ya yi gyaran murya, ya ce shi dama hatsarin yake gudu, suminti kuma a bar masa. Taubashina ya ce ɗaukowa tasa ce, ko don kada a sake kwantar masa da taubashiya ya rasa wadda zai tsokana. Sankira ya ga magana ta yi daɗi, ya zabura.

"Jama'a! Wuya, ban da hula! Kamar dai yadda na hwaɗa tun da hwarko!"

A hanyar gida Inna ta yi ta faɗa, wai na ɗaga murya gaban surukan mutane. Amma duk wadda muka gamu da ita sai ta tsayar da ita ta ba ta labari, kuma a bakinta ma rijiyar ta ɗan ƙara zurfi. Ni dai ina bin ta a baya ina ɗingishi, ina tunanin mushe. Duwatsun nan uku na same su, sai dai ba a jere suka zo ba, kuma ba inda na ajiye su na tarar da su ba. An yarda da ni ne sanda na rage labari, ba sanda aka ƙara masa gishiri ba.

Bayan an gama maimai aka yi aikin. Mata muka ɗebo ruwan kwaɓa suminti. Na ɗauki bokitina kamar kowa, amma da na hango wurin sai ƙafafuna suka tsaya. Na sauke shi gindin wata kalgo, surukar tsoho ta zo ta ɗauka. Daga nan na zauna ina kallo, ƴaƴan tsoho da yaran alhaji suna miƙa wa juna tubali, suna gardama kan wanda ya karkata layi. Kafin la'asar wuya ya kai ƙugun babban mutum.

Tsoho ya ɗago sanda ya yafito ni.

"Zo ki dahwa ki ji, ɗiyata. Aikinki ne."

"Baba, sai gobe."

"To," ya ce, "Allah shi kai mu."

Bai matsa mini ba, ni ma har yau ban matsa wa kaina ba.