Anti Ba Ta Kai Amarya

A gidanmu 'yar'uwar uba gwaggo ce. Mahaifiyarmu takan ce daga bakin Fulanin da ke sauka a gonarmu bayan girbi kalmar ta shigo, tare da kawu da baffa. Karatuna bai yi nisan da zan tabbatar ba. Amma na san aikinta: gwaggo ke kama hannun amarya ta kai ta ɗakin miji, ita ake kai wa ƙara idan zama ya yi tsami.

Autata a Dutse ta tashi. Tun tana firamare ta kwaso "Anti". Malamarsu Anti, mai ɗinki Anti, mai awarar bakin layi Anti. Yayata ta Jahun, wadda ta goye ni, ita ma Anti.

Da aka sa ranar auren autar, na je Jahun na sanar da Yaya. Tana tsince wake a faifai, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Allah ya sanya alheri. Wa zai kai ta?"

"Wa kuwa in ba ke ba, Yaya?"

"Ni ai Anti ce. Ka nemi mai awara, ta fi kusa da ku."

"Haba Yaya, maganar yara ce."

"Yara? Ranar da ta fara faɗa kana zaune, har da tafi, wai 'yarka ta iya Turanci."

Na sha ruwa na tashi.

A gida na gaya wa yarinyar, sai cewa ta yi, "Baba, ai duk ɗaya ne." Wannan ya fi ƙona mini rai. Na ce in duk ɗaya ne, ta shirya amsar da za ta ba dangin miji ranar da suka tambaya ko ubanta ba shi da kowa.

Washegari na sa ta gaba sai Jahun. Ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, ina wuni," kamar mai haɗiyar magani.

"Kunnen tsufa ne da ni, 'yar nan. Ɗaga murya."

Ta maimaita har maƙwabta suka ji.

Yaya ta zo biki, ta kai amarya ɗakin miji. Matan da suka raka su sun ce a ƙofar ɗaki ƙanwar ango ta tari Yaya da "Sannu da zuwa, Anti." Yaya ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Wannan ba tamu ba ce, ubanta ya ji da ita." Ta ja hannun amarya suka shige.