Shafin Turame da Layin Maigidana

Ni ce na matsa aka buɗe shafin. Maigidana masassaƙi ne a Maruta, cikin ƙasar Gwaram, kuma sassaƙa gadon gidansu ce: turmi, taɓarya, akushi, muciya, da kujerar tsugunno ta mata. Ni kuwa 'yar Birnin Kudu ce. Na yi sakandare, na ɗan zauna a wani kantin magani kusa da babban asibiti, sannan aure ya kai ni ƙauye, na tafi da babbar wayata da kuma bakina. 'Yar birni yake ce mini idan yana jin tsokana, kuma kullum yana jin ta.

Abin da ya tunzura ni shi ne wasu mata da nake gani a dandalin nan na hotuna, suna zaune a Kano suna tallar akushi. Akushin ma karkatacce, an shafe shi da mai yana ƙyalli don a rufe aibinsa, amma sai ki ga mutane suna rububi a ƙasan hoton. Ga nawa mijin nan yana fitar da aikin da za ki shafa ba ki ji ko ƙaiƙayi ba, sai ranar kasuwa dillalai su zo su kwashe suna yatsina fuska kamar taimakonsa suke yi. Abin ya tsaya mini a rai. Na yi ta mita har ya gaji.

"Turmi dai ba amarya ba ne da za a yi ta ɗaukarsa hoto," in ji shi. "Amma tunda kin hana ni sakat, mu je."

A gidanmu kira yana shiga, amma sabis ɗin intanet ba ya zama, sai an je bayan makarantar firamare inda ƙasa ta ɗan yi tudu. Can muka tafi wata rana bayan la'asar, ina goye da 'yarmu, lokacin ko tafiya ba ta fara ba. Ya sami wani kututture ya zauna, ni ina tsaye ina ɗaga waya sama. Na saka sunan shafi, na ɗora hoton wani turmin ƙirya da ya gama a satin, na shiga wurin da ake mayar da shafi na kasuwanci. Aka tambayi irin sana'ar. Na duba sama, na duba ƙasa, akwai masu gyaran gashi, akwai masu gidan abinci, har da masu koyar da motsa jiki, amma babu masassaƙi. Na zaɓi mai fasaha, na gaya masa. Ya yi dariya har hularsa ta zame.

"Yau kuma mai fasaha na zama? Allah Ya ji ƙan kakana, ya mutu bai san sunan sana'arsa ba."

Sai aka zo wajen lambar waya, wadda masu saye za su kira, kuma wadda za a ɗaure shafin da ita. Na fara danna tawa ke nan ya miƙe.

"Tsaya. Lambar wa kike sakawa?"

"Tawa mana, Malam. Wayar ai tawa ce."

"Wato duk ƙaton da ya ga turmi a Kano sai ya bugo wa matata waya ke nan? A'a. Saka tawa."

Na murguɗa baki na ce kishi ne kawai yake damunsa. Ya ce eh, shi ne, kuma ba ya neman magani. A fuska na nuna haushi, amma gaskiya a raina daɗi na ji. Na goge tawa na saka tasa. Wayarsa ƙarama ce mai madannai, an ɗaure bayanta da roba don kada batir ya faɗo. Can sai ta yi ƙara, saƙon lambobin tabbatarwa ya shigo. Na miƙa hannu, ya maƙale wayar a ƙirji.

"A rediyo kullum ana gargaɗi, duk wanda ya nemi irin waɗannan lambobin ɗan damfara ne. Ko da kuka ya zo maka, kada ka bayar."

"To ni ce 'yar damfarar?"

"Ke kin riga kin damfare ni tun ranar da na gan ki a kantin magani. Rubuta."

Ya karanto mini su ɗaya bayan ɗaya yana ƙanƙance ido. Kalmar sirri kuwa a gurguje na haɗa ta, don magariba ta kawo kai kuma ban kora kaji ba. Wayar ta riƙe ta da kanta, ba ta sake tambayata ba, ni ma ban sake tunawa da ita ba.

Sharaɗi ɗaya ya kafa mini, kuma bai taɓa sassautawa ba: ba fuskarsa, ba muryarsa. Hannu da gizago da itace kawai. Ya ce ba zai zama abin kallo a majalisa ba, a ce magidanci ya koma wasa a waya, ga kuma bakin mutane. Na yarda, amma aikin ya fi ƙarfina, domin mutumin nan ba ya iya sassaƙa bakinsa a rufe. Da itacen ma hira yake yi. Idan ƙirya ta yi masa gardama sai ya yi mata faɗa, ya ce taurin kanta irin na 'yan Birnin Kudu ne. Idan yarinya ta yi kuka a bayana sai ya haɗa mata waƙa nan take, marar kai marar gindi, yana buga gizago daidai da ita. Sai na ce, "To Malam, yanzu na gaske zan ɗauka," sannan zai tsuke baki ya haɗe rai kamar mai ɗaukar hoton katin zaɓe. Ni kuwa tun da farko na riga na danna. Daga baya sai in yanko ɗan guntun da ya yi shiru in ɗora wa jama'a, dogon kuma in ajiye wa kaina.

Ba a daɗe ba waya ta fara kukan ta cika. A nan ne na gano cewa shafin yana da wani lungu, ma'ajiya, inda za ki ɗora abu ki ɓoye shi, ba mai gani sai wanda yake cikin shafin. Na ji kamar na tsinci rumbu kyauta. Sai in je bayan makaranta in ɗora dogon bidiyon, in yi maza in tura shi ma'ajiya kafin wani ya gani, in dawo in goge shi daga waya. Haka na kwashe su duka, har da wanda yarinyar ta fara takawa ta nufe shi, ya jefar da gizago ya buɗe hannuwa yana ihu. Wata rana ya kama ni ina kallon ɗaya ina dariya ni kaɗai. Ya leƙo, ya ga kansa, ya girgiza kai.

"Mugunta dai. To ki adana, idan na tsufa haƙora sun zube ki nuna mini."

Kasuwa ta buɗe daidai gwargwado. Waya takan yi ƙara yana tsakiyar aiki, ya goge hannu a riga ya ɗauka da muryar manyan 'yan kasuwa. Mukan ba direbobin Gwaram kaya su kai Birnin Kudu, daga can a ɗora wa motar Kano ko Bauchi. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne iyayen amare masu neman ƙaramin turmi na ado, wanda za a ajiye a falo ba za a taɓa daka komai a ciki ba. Yakan sassaƙa musu, amma yana yi yana ba turmin haƙuri.

Ciwon da ya ɗauke shi bai yi tsawo ba. Da damina ne, ana tsakiyar noma. Ya fara da zazzaɓi, ya ce na gajiya ne, da abin ya ƙi muka kai shi asibiti a Birnin Kudu, kuma daga can gawarsa aka mayar Maruta. Ba zan iya rubuta waɗannan kwanakin ba, don ni kaina ban san yadda suka wuce ba.

Bayan an share makoki, wansa, wanda shi ne babba a gidan, ya tattara duk abin da mamacin ya mallaka: gizagai, kurfin rarake turmi, tufafi, rediyo, da 'yar wayar nan mai roba. Ya kashe ta, ya saka komai a akwatin ƙarfe, ya datse da kwaɗo a gaban shaidu. A gidansu haka ake yi. Ba a taɓa ko allurar mamaci sai an raba gado, balle da akwai marainiya a ciki. Mutum ne mai tsoron Allah, kuma har yau ban ga laifinsa ba. Ni kuma ina takaba, ban ko kalli shafin ba. Na san muryar tana nan a ajiye, na ce sai ranar da zuciyata za ta iya ɗauka.

Da na fita takaba na koma gidan iyayena a Birnin Kudu. A nan ne wata safiya wayata ta zame daga kan katangar rijiya ta faɗa cikin bokitin wanki. Mai gyara ya buɗe, ya busa, ya jijjiga, ya ce injin ya ƙone. Ban wani damu ba, tunda na san kayana ba a cikinta suke ba. Da na samu wata wayar na je shiga shafin, sai aka nemi kalmar sirri. Na gwada duk abin da ya zo mini a kai, babu. Na danna cewa na manta. Aka ce an tura lambobin tabbatarwa zuwa layin da aka buɗe shafin da shi. Layin kuwa yana Maruta, a kashe, cikin akwati.

Washegari na hau mota. Na durƙusa na gaida wan mijina, na ce ina son a ɗan kunna mini wayar marigayi.

"Lafiya dai?" ya tambaya.

"Lafiya lau, Yaya. Masu sayen kaya ne, akwai saƙon da zan duba."

"Ciniki ai ya tsaya tunda mai shi ya tafi. Ki yi haƙuri. Haƙƙin marainiya ne a ciki, ba zan buɗe akwatin nan ba sai ƙaninmu ya dawo daga kudu an zauna gaba ɗaya."

Da na faɗa masa gaskiya, na tabbata da ya buɗe. Amma ta yaya mace za ta dubi wan mijinta, dattijo mai furfura, ta ce muryar ƙaninsa take son ji? Kunya ta hana ni. Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, na ce to, na gode, na tashi. Wannan "to" ɗin ita ce abin da na fi yin da-na-sani a kai a rayuwata.

Ƙanin bai dawo da wuri ba. Aka ce bayan kaka, kaka ta wuce, wata daminar ta zo ta wuce. Ranar da aka yi rabo, wayar ta faɗo a kason 'yata. Na kawo ta gida na yi mata caji, ta kawo wuta, robar ma tana nan, amma babu sabis ko ɗigo. A ofishin masu layi wata ma'aikaciya ta duba ta ce mini, cikin tausasawa, layin da ya daɗe ba a amfani da shi karɓewa ake yi a sayar wa wani. Wannan an riga an sayar.

Na yi kwanaki ina juya abin kafin na iya danna lambar da na haddace tun ina budurwa. Ta shiga. Wani mutum ya ɗauka, ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa. Na yi sallama, na yi masa bayani tiryan-tiryan: mijina ne mai layin a da, ya rasu, akwai shafinmu, za a turo wasu lambobi yanzu, don Allah ya karanto mini. Ina cikin magana kuka ya ƙwace mini.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Hajiya, Allah Ya ji ƙansa idan da gaske ne. Amma ni ba yaro ba ne. Kullum ana faɗa a rediyo, ko da kuka aka zo maka kada ka bayar."

Ya kashe. Na sake kira, ya rufe ni. Na karɓi wayar ƙanwata na kira, ita ma ya rufe ta. Na so in tsine masa, bakina ya kasa, domin na san wani mutum guda da zai yi daidai abin da ya yi, har ya zo gida yana ba ni labari yana alfahari.

Shafin yana nan har gobe. Ina shiga in kalle shi daga waje kamar kowa. Lokaci-lokaci wata takan rubuta a ƙasan hoto tana tambayar ko akwai irin wannan turmin, ba mai amsa mata. Ma'ajiyar tana bayansa a rufe, da faɗan da yake yi wa ƙirya, da waƙoƙin nan marasa kai, da ihun ranar da yarinya ta taka.

'Yar tawa ta shiga firamare bana. Ba ta tuna shi. Takan karɓi wayata ta ce in nuna mata Baba, sai in buɗe mata guntayen da na ɗora wa jama'a. Ta san tabon da ke babban yatsansa, ta san yadda yake juya itace da gwiwa, tana iya kwaikwayon ƙarar gizago da bakinta. Kwanan baya tana kallo, ta maimaita ɗaya, ta sake maimaitawa, ta kai wayar kunnenta. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Umma, shi Baba ba ya magana ne?"

Na ce mata yana yi. Na ce har ya fi ni surutu. Ta yi dariya, ta ce ba ta yarda ba.