Sunan da Ban Kira Ba

Ranar Talata ce, lokacin girbin masara. Na dama koko, na shanya barkono a tsakar gida. Ɗana na fari ya sha ludayi biyu a tsaye, ya saɓa buhu ya tafi gona. Shekararsa ashirin da bakwai, ban taɓa furta sunansa ba. Haka muka taso, uwa tana kunyar ɗan fari. "Kai" nake ce masa, shi ke nan.

Da hantsi muka ji babura daga yamma. Da yawa, ba irin na masu zuwa kasuwar Kafur ba. Sai harbi. Kaji suka watse. Wani ya yi ihu, "Rafi! Ku yi rafi!"

Na goya jikata, na fita ko takalmi babu. Muna kaiwa bakin gonar dawa na hango ɗana. Ya baro gona a guje ya nufi gada, yana zaton can muka bi. Ni kuwa da idona na ga babura uku sun zagaya ta gadar. Tsakanina da shi bai fi jifa biyu ba.

Na buɗe baki. "Kai! Kai!" Ina, wa zai waiwayo? Wallahi sunan yana kan harshena, ya ƙi fita. Ya sha kwana. Aka ja ni cikin dawa.

La'asar ta same mu a Malumfashi, ƙafafuna duk sun tsattsage.

Bayan wata biyar, wata malamar jami'a ta same mu a Funtua da kwamfutarta. Ta ce suna koya wa na'urar yadda mutane ke gudu, don a san inda za a tare su da agaji. Ta nuna mini taswirar ƙauyenmu da ɗigo-ɗigo kamar tururuwa, kowane ɗigo mutum ne. Ta sa nawa a bakin dawa, na ɗana a hanyar gada, ta danna. Nasa ya tsaya, ya juyo, ya biyo ni rafi.

Na ce, "Me ya juyo da shi?"

Ta ce, "Mama, na'urar ta ɗauka in 'yan gida ɗaya suna kusa, za su kira juna."

Na ce ta sake dannawa. Sau huɗu ta danna, sau huɗu ya biyo ni.

Mutum tara muka rasa ranar. Da ta zo rubuta su, ta tambaye ni sunansa. Na ce Isiyaku. Ta ce ba ta ji ba, in ɗaga murya.

Na ɗaga.