Kan Rago a Kan Teburin Manaja

Ku da kuka tarar da simol-cof ya zama ruwan dare a wurin biki, ba za ku san wahalar da ya ba mu ba. Ni dai ranar da na fara yin sa a Gombe ba ta taɓa fita raina ba.

Lokacin kuɗin fetur ya fara shigowa, ina kuku a gidan saukar baƙi na wani kamfanin sayen auduga. Aka kawo mana sabon manaja, matashi, bai daɗe da dawowa daga Ingila ba. Ya kira ni ya ce zai yi wa manyan manoma liyafa, kuma simol-cof yake so. Kalmar Turanci ce, ma'anarta 'yan abubuwan taɓa baki: a yanka nama ƙanana kamar kan yatsa, a cire ƙashi, a soya, a tsire kowanne da tsinken sakace, a ci a tsaye ana hira.

Na ce, "Yallaɓai, mutanen nan da an ce liyafa, tuwo suke jira."

Ya ce, "Yohanna, zamani ya canja. Yi abin da na ce."

Na je Kasuwar Gombe na zaɓo rago, Malam Sale mahauci ya yanka. A al'adar aikinmu kai da ƙafa rabon kuku ne, sai na ajiye su bayan kicin. Matata Rifkatu tana jego a gidanmu da ke unguwar Barunde, na riga na yi mata alkawarin farfesu mai yaji.

Bayan la'asar baƙi suka iso, babbansu Jauro Buba na Kagarawal, dattijon da idan bai miƙa hannu ba, ba mai miƙawa. Na zaga da faranti, kowa ya ce "Alhamdu lillahi" ya kau da kai. Na sake zagawa, haka. Hira ta mutu, sai ƙus-ƙus da Fulatanci, ana kallon farantin ana satar kallona. Ni mutumin Kaltungo ne, Kirista, kuma na san irin wannan kallon tun ina yaro.

Manaja ya ja ni gefe, gumi ya jiƙa masa kwala. "Me ka sa a ciki? In ka kunyata ni gaban mutanen nan, yau ka bar aikin nan."

Wato shi ma da ya ba da odar ya fara zargina. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma mai jariri a gida ba ya wasa da aiki. Na je na durƙusa gaban Jauro na ce, "Baba, ko akwai abin da bai yi ba?"

Ya ɗauki tsinke ɗaya yana jujjuya shi. "Ɗana, wannan naman mene ne?"

"Rago ne, Baba."

"Rago ba ƙashi? Mu a wurinmu ba a daddatsa nama haka sai in ana ɓoye asalinsa."

Rantsuwa ba za ta yi aiki ba, don wanda ke zarginka da alade ba zai karɓi rantsuwarka ba. Na koma bayan kicin na ɗauko kan ragon da ƙafafun a babban tire, ko babbaka ban yi ba, na dire su tsakiyar farin ƙyallen teburin manaja. Manaja ya rufe ido kamar an mare shi.

Jauro ya matso, ya kama ƙahon ya juya kan, ya duba wuyan a tsanake. "Wa ya yanka?"

"Malam Sale na kasuwa."

"Na san hannunsa." Ya yi bisimilla, ya kwashi tsinkaye cike da hannu. Kafin in juya faranti sun zama wayam, har wani na tambaya ko yanzu za a kawo abincin.

Na ɗauka magana ta ƙare. Da za su tafi sai Jauro ya dubi manaja ya ce, "Madalla da wannan girmamawa," ya sa direbansa ya ɗauke tiren. Shi a ganinsa, kan da aka ajiye gaban babba kyauta ce. Manaja yana ta washe baki yana "Ba komai, Baba," ni kuwa ina tsaye ina kallon farfesun Rifkatu yana shiga mota.

Na isa gida hannu rabbana. Rifkatu ta riga ta daka yaji, ta ɗora ruwa. Ta ce, "Baban Ladi, ina kan?"

Na ce, "Ya tafi ba da shaida, an riƙe shi."

Ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Aikina ya tsira, har manaja ya riƙa ba da labarin kamar dabararsa ce. Abin da na koya shi ne mutanenmu ba sa cin abin da ba su gane ba, kuma kuku shi ake fara tuhuma. Har na yi ritaya, duk farantin simol-cof da ya fita daga hannuna sai na bar ƙashin haƙarƙari ɗaya a tsakiya. Kan kuwa, tun da safe nake aika shi gida.