Tanka da Ciwon Gidansu

A kamfanin sabulun da yake aiki ba wanda ya san shi da wani suna sai Tanka. Shi ne direban doguwar motar da take kwaso ma'aikata da safe, ta mayar da su da yamma. Idan ya hau kujera sai motar ta ɗan karkata ɓangarensa, ma'aikata su ce, "To, an gama lodi, sai tafiya." Har da shi ake dariyar. Tumbinsa goga sitiyari yake yi, sai da makanikin kamfani ya kwance kujerar ya ja ta baya ya sake ɗaure ta.

Ƙiba a gidansu gado ce, haka ma ciwon suga. Mahaifinsu bai daɗe da haura arba'in ba ciwon ya kama shi, ya riƙa cin sa a hankali kamar gara a cikin katako, har ƙoda ta gaza. Tanka yana saurayi a lokacin, kuma bai taɓa manta yadda tsohon ya kumbura ba, har zobe ya nutse a yatsansa, sai yanke zoben aka yi. 'Ya'ya biyu ya bari, Tanka da yayansa, wani tela mai shago a bakin titi, wanda shi ma da gefe yake shiga ƙofar shagonsa. A gidan ba a ambaton sunan ciwon. "Abin Baba" kawai suke cewa.

Wata shekara kamfani ya tura direbobi gwajin jini. Likitar mace ce mai sanyin murya. Ta daɗe tana kallon sakamakon kafin ta ɗago.

"Akwai mai ciwon suga a gidanku?"

Tanka ya ce akwai, amma ya rasu.

"Kai ba ka da shi tukuna," in ji ta. "Amma ya yi sallama, yana tsaye a bakin ƙofa."

"Sai a rubuta min magani, likita."

"Maganin yana ƙafarka. Ka riƙa tafiya kullum, da sauri, har gumi ya keto maka. Ka rage kayan zaƙi, ka rabu da lemon kwalba."

"In na yi haka ba zai shigo ba?"

"Ban ce ba. Yana rage haɗarin sosai. Wasu ya jinkirta musu, wasu ba ya zuwa musu sam. Alkawari ne ba zan yi maka ba."

A da babur yake hawa daga gida zuwa garejin da ake ajiye motar. Washegari ya fita a ƙasa. Kafin ya kai rabin hanya rigarsa ta jiƙe sharkaf, cinyoyinsa sun goge har sun yi ja, numfashinsa yana ƙara kamar tsohon inji. Mai faci na kwanar titinsu ya leƙo ya ce, "Tanka, mai ne ya ƙare a hanya?" Da yamma matarsa ta shafa masa man zafi tana mita.

"Maigida, wannan ai neman ciwo ne da kanka. Mutum yana zaman zamansa?"

Da gari ya waye ya sake fita.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne jikin ya ƙi sauka. Yakan faki ido ya hau sikelin da ake auna katan-katan na sabulu, allurar ta tsaya kusan inda ta saba. Shekara ta zagayo, huda ɗaya kawai ya matsa a bel ɗinsa. Ya koma wurin likita ransa a ɓace, ya ce wahalar banza yake sha.

"Ni ba tumbinka nake aunawa ba, jininka nake aunawa," in ji ta. "Ya ja baya kaɗan. Kada ka tsaya."

Daga nan ya biya shagon yayansa. Ya same shi a gaban keken ɗinki, fanka tana kaɗa ƙyallaye a ƙasa.

"Yaya, ka zo mu riƙa takawa tare da safe."

"Ni da nake taka keke tun fitowar rana?"

"Keken naka na lantarki ne, Yaya."

Telan ya yi dariya har tebur yana girgiza. "Ƙanena, mutuwa rigar kowa ce. Ni tela ne, na san kowa da awonsa. Je ka yi ta yawonka."

Shekaru suka yi ta wucewa. Tanka ya cinye takalma ba adadi. Masu tsokanarsa suka gaji, har wasu da shi suke gane lokacin buɗe shago ya yi. Gwiwarsa ta saba, numfashinsa ya daidaita, amma Tanka yana nan Tankansa. Duk shekara ya je gwaji, maganar ɗaya ce: yana bakin ƙofa, bai shigo ba.

Sai telan ya fara ramewa. Masu kawo ɗinki suna yi masa barka, shi kuma yana shafa ciki yana murna. Ranar da Tanka ya je, telan ya ce masa, "Ka gani? Ko nan da can ban taka ba, na fi ka zubewa."

Tanka bai yi dariya ba. Idonsa yana kan jarkar ruwan da ke gefen keke, wadda ta kusa ƙarewa tun rana ba ta yi tsaka ba. Kafin su gama gaisawa yayan ya tashi ya zagaya bayan shago, ya dawo, ya sake ɗaga jarka. Haka Baba ya fara. Da ƙyar da rarrashi ya kai shi asibiti, kuma abin da ake gudu shi aka samu.

Telan ya sha magani na ɗan lokaci, da ya ji sauƙi ya watsar. Wata rana ya miƙo wa Tanka allura da zare, ya ce, "Zura min, wutar shagon nan ba ta da haske." Alhali ƙofa a buɗe take, rana ta cika shagon. Bayan haka aka fara dawo masa da kaya, wannan aljihu a karkace, wancan hannu ɗaya ya fi ɗaya. Ya rufe shago ya koma falo, rediyo a kan cinya, yana gane mutane da murya. Wata safiya matarsa ta kawo masa shayi ta tarar bakinsa ya karkace. Bai sake magana ba har Allah ya karɓi abinsa.

Daga rasuwar nan tafiyar Tanka ta sauya. Ko ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya sai ya fita. Idan ƙishirwa ta kama shi sai ya tsaya da kofi a hannu yana tunanin ko ta zafin rana ce, ko ta wancan ce. Matarsa ta ce masa, "Kana tafiya kamar wanda ake bi."

Ya ce, "Ai bi na ake yi."

A haka ya wuce shekarun da mahaifinsa ya yi a duniya, ya wuce na yayansa. Ya aurar da 'ya'yansa, ya ɗora jikoki a kan wannan tumbin, ya ajiye aiki da idonsa garau. Sai dai duk wanda ya taya shi murna, shi yana jin kamar gidan da gobara ta ci na dama da na hagu ta tsallake.

Bayan ya bar aiki ne ya zame a matakalar banɗaki, gwiwa ta kumbura kamar ƙwarya. Watanni ya yi a kujera, ƙafa a kan matashi, yana kallon titi ta taga. Tun kafin gwiwar ta saki ya fara jin bakinsa yana bushewa. Bai gaya wa matarsa ba. Ya ɗauki sanda ya tafi asibiti.

Likitar nan ce dai, yanzu furfura ta fito mata. Wannan karon ba ta daɗe tana kallon takardar ba.

"Ya shigo," in ji ta.

Tanka ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ashe duk takun nan na banza ne."

"Babanka yana ɗan shekara nawa ya kama shi? Yayanka fa? Kai ga ka da jikoki. Na duba idonka lafiya, ƙodarka lafiya. Shekarun nan da ka samu a tsakani, ƙafarka ce ta nemo maka su." Ta rubuta masa ƙwaya 'yar ƙarama. "Gwiwa ta warke ka koma hanya, a hankali. Kuma kullum ka duba tafin ƙafarka. Ciwon nan yakan kashe ji, mutum ya taka abu bai sani ba."

Ya koma hanya. Yana shan ƙwayar, yana duba ƙafa, jinin ya kwanta yadda ake so har aka kwana biyu.

Wata safiya yana cikin tafiya igiyar takalminsa ta kwance. Ya zauna a kan dakalin wani kanti da ba a buɗe ba, ya ce bari ya cire ya kakkaɓe gaba ɗaya. Da ya kifa takalmin sai wata tsakuwa mai kaifi ta faɗo. Ya duba safarsa, ya ga ɗigon jini ƙarƙashin babban yatsa, har ya fara bushewa. Ya danna wurin da ɗan yatsa, ya ji kamar ta cikin bargo yake taɓawa. Ya sake dannawa da ƙarfi.

Ya mayar da takalmin a hankali, bai ɗaure igiyar ba. Ya miƙe ya matsa bakin titi, ya ɗaga wa tasi hannu. Direban ya leƙo ya tambaye shi ina zuwa.

"Asibiti," in ji Tanka.