Wa Ya Faɗa, Kuma Yaushe?

Babana ya sayi rediyonsa ne a shekarun da kuɗin mai suka fara zubowa, lokacin da kowane ma'aikaci yake dawowa gida da keke ko agogo. Shi rediyo ya zaɓa, wani baƙi mai rigar fata. Tun daga nan ya zama mai ba da labari a zauren gidanmu na Kebbe. Bayan La'asar sai ya zauna kusa da yayansa, wanda muke kira Baffa, ya gaya wa mutane abin da duniya take ciki. Gidanmu gidan malamai ne, kuma a wurinmu ana bin labari da irin tambayar da ake bin hadisi: wa ya faɗa, kuma yaushe? Babana bai taɓa cewa "an ce" ba. Sai ya ambaci tashar, ya faɗi ko da safe ya ji ko da rana. Da ya rasu, Baffa ya jawo rediyon gefensa, wurin zaman kuwa ba wanda ya sake zama a kai.

Ni koyarwa nake yi a wata sakandare a Tambuwal. Shekarun da intanet ya shigo Sakkwato, shagunan kafe suka buɗe ko'ina, sai na kamu. Na haɗa ɗan shafi na kaina, na sa sunan gidanmu a sama, na sa hoton Babana, na rubuta tarihin kakanninmu. A gefe na buɗe wurin labarai saboda 'yan uwa da neman abinci ya watsa Legas da Fatakwal. Matsalar ita ce da hannu nake rubuta labaran, kuma sai na shiga mota na je Sakkwato. In aikin makaranta ya riƙe ni, shafin haka zai zauna kamar tuwon da aka manta a tukunya.

Da damina na rubuta cewa ruwa ya yanke hanyar ƙauyen Fakku. Aka yi girbi, aka shiga rani, labarin yana nan. Sai babban ɗan Baffa, wanda nake kira Yaya, ya bugo mini waya daga Fatakwal hankalinsa a tashe, yana tambaya ko an samu hanyar kai wa mutanen Fakku abinci. Maganar ta kai kunnen Baffa, ya aika a kira ni, na je Kebbe na same shi a zaure.

"Wa yar rubuta wanga labari?"

"Ni ne, Baffa."

"Yaushe?"

"Da damina."

"To yanzu damana muka ciki? Mutum ya buɗe abin ga yau, ya ga sunan gidanga, ya ga hoton ubanka, ya ɗauka yau anka faɗi. Ka sa mamaci shina faɗin abin da ba shi ba. Ko abin ga ya riƙa faɗin gaskiyar ranarshi, ko ka cire sunanmu da hoton ƙanena."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni na kai Sakkwato nesa? Amma ban iya ɗaga kai ba, don maganar hoton ta soke ni. Wannan shafin shi ne kaɗai wurin da Babana yake zaune kusa da labari har yanzu, kuma ban shirya tashinsa ba.

Mai nema yana tare da samu. A kafe na gano cewa wasu gidajen labarai suna da wata ƙofa da suke sakin kanun labaransu ta ciki. Ka kwafi 'yan layukan rubutu ka liƙa a shafinka, shi ke nan, duk abin da suka saki zai biyo ya shigo da kansa, kamar yadda mai lambu yake jawo ruwa daga gulbi. A baki abu mai sauƙi. Liƙawar farko shafin ya wargaje, hoton Babana ya gangara can ƙasa. Ta biyu akwatin ya fito fayau ba ko harafi. Ina cikin ta uku janareto ya mutu, na yi tsaki har mai kafe ya leƙo. Na koma Tambuwal, na sake dawowa, na sake dawowa. Ranar da ya yi, na danna na ga kanun labarai sun jeru, kowanne da sunan gidan da ya faɗa da lokacin da ya faɗa a ƙasansa. Na tafi salla, na dawo na sake dannawa, sai ga sabo ya hau saman tsofaffin, hannuna bai taɓa komai ba. Na yi dariya ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir.

Da hutu na hau babur ɗina na tafi Kebbe ina ta ɗoki. Baffa ya saurare ni har na gama, sannan ya miƙo hannu.

"Kawo makullin babur."

"Na'am?"

"Shaidar mutum bisa kanshi ba ta karɓuwa. Zauna nan inda nika ganinka. In hannunka bai kai gare shi ba, shi kuma ya faɗi na yau, na yarda."

Haka na zama ɗaurarre a gidan ubana, ina cin tuwon gero ina kallon babur ɗina a jingine. Abin da ya yi aiki a gabana kuwa ban san me yake yi a bayana ba.

Da Baffa ya ga kwanaki sun isa, ya ce a nemi Yaya. A lokacin sabis a Kebbe sai an hau wani tudu a bayan kasuwa. Bayan La'asar zauren gaba ɗaya ya tashi, Baffa a gaba da sandarsa, rediyon a rataye a kafaɗarsa. Yaya ya riga ya shiga kafe a Fatakwal yana jira. Na buɗe muryar waya, ya fara karanto abin da ke shafin. Labari na farko Baffa ya gyaɗa kai, ya ji shi da safe. Na biyu ma haka. Na uku Yaya ya ce an ɗaga ranar tashin jirgin farko na alhazai.

Baffa ya ɗaure fuska. "Ban jiya ba. Wa yaf faɗi?"

Yaya ya karanto sunan gidan labaran.

"Yaushe?"

"Baba, an rubuta yau, bayan Azahar."

"To, mu jira."

Muka zauna a kan tudun nan, wasu suna kallona da tausayi, wani maƙwabcinmu mai son tsokana yana cewa in fara neman inda zan rataye hoton. Rana ta yi sanyi, lokacin labaran yamma ya yi, Baffa ya murɗa rediyon. Na kasa kunne. Mai karatu ya gama gaisuwa, abin da ya fara faɗa shi ne an ɗaga ranar tashin jirgin alhazai.

Wurin ya kaure da kabbara. Maƙwabcin nan ne ya fi kowa ɗaga murya, wai shi dama ya sani. Ni kam daɗi ya rufe ni, ban ɓoye ba, har na manta Yaya yana kan waya yana ta tambayar me ya faru. Baffa bai yi murmushi ba. Ya ce, "Ya faɗi mai faɗi, ya faɗi lokaci, kuma ya riga rediyo. A bar hoton." Ya zaro makullin babur daga aljihu ya ba ni.

Na so in koma Tambuwal da safe, ya ce in ƙara yini. Bayan La'asar na shiga zaure na nufi wurin da na saba zama a bakin ƙofa. Baffa ya ɗaga sandarsa ya nuna gefensa, wurin da ba wanda ya zauna tun rasuwar Babana. Rediyon yana ajiye a kai. Na ɗauke shi na ɗora a cinyata, na zauna, idona ya cika da hawaye.

"To, ɗana," in ji Baffa, "mi duniya taka ciki?"

Na share maƙogwaro, na fara da sunan tashar.